Kwaikwayo Dabam, Jabu Dabam: Labarin Tsohuwar Jitar Makarantarmu

Duk wanda ya taɓa zuwa wasan daren Asabar a babban zauren makarantarmu ya san tsohuwar jitar nan mai lantarki ta ƙungiyar kiɗa. Ita ce wadda ake ajiyewa a sito, bayan gangunan fareti, cikin wani akwati mai karyayyen marfi. Fentinta ya koɗe, wuyanta kuma ya yi sulɓi saboda yawan hannuwan da suka bi ta kansa. An ce wani tsohon ɗalibi ne da ya yi karatu a Ingila ya kawo ta kyauta, tun ba a haifi ko ɗaya daga cikinmu ba. In ka duba kanta, watau wurin da ake ɗaure tsirkiyoyi, za ka ga an rubuta Tokai, a gefe kuma da ƙananan baƙaƙe an rubuta Springy Sound.

A zangon da ya wuce, ran da muka yi taron ƙungiya, sai wani daga cikin manyanmu 'yan aji shida ya kawo shawara a sayar da ita. Ya ce ya ga wata sabuwa ful a wani kanti cikin gari, tana ta walƙiya, an rubuta Fender a kanta, kuɗinta kuma bai taka kara ya karya ba. Ya ce tamu kuwa ai jabu ce, mutanen Japan ne suka kwaikwayi ta Amurka, abin kunya ne ma mu riƙa fitowa da ita gaban baƙi. Aka yi ta tafi. Ni dai na yi shiru, domin ɗan aji huɗu ba ya ja da ɗan aji shida a gaban jama'a. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Da aka yi hutu sai na yi ta tambaya, na yi ta karatu a kan asalin wannan jita. Tun da yake an ce sai taro mai zuwa za a yanke shawara, na ga ya kamata in faɗi ra'ayina a nan, inda 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu duka za su gani. Ra'ayin nawa kuwa shi ne, jitarmu kwaikwayo ce, ba jabu ba ce, kuma tsakanin abubuwan nan biyu akwai tafiya mai nisa.

Kafin in shiga cikin maganar sosai, ya kamata in ɗan bayyana abin da aka kwaikwaya. Jita mai lantarki ba ta da ƙoƙo kamar garaya ko molo. Yawanci gangar jikinta dunƙulallen katako ne. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta na ƙarfe akwai 'yan maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. In an kaɗa tsirkiya, sai motsinta ya haifar da 'yar wutar lantarki a cikin wayar, a tura ta cikin amfilifaya, sauti ya fito ta lasifika. Kamfanoni biyu na Amurka ne suka fi yin suna a wannan sana'a. Na farko shi ne Fender, wanda wani mai gyaran rediyo, Leo Fender, ya kafa a garin Fullerton na jihar Kalifoniya. Abin mamaki, shi kansa bai iya kaɗa jita ba. Shi ya fito da Telecaster a farkon shekarun 1950, sa'an nan Stratocaster a 1954. Na biyu shi ne Gibson, wanda a lokacin yake garin Kalamazu, ya kuma fito da jitar Les Paul a 1952, mai ɗauke da sunan wani shahararren makaɗi.

To, sai aka wayi gari kamfanonin nan biyu sun sake hannu. A 1965 Leo Fender ya sayar da nasa ga kamfanin watsa labarai na CBS a kan dala miliyan 13. A 1969 kuma Gibson ya faɗa hannun wasu 'yan kasuwa da daga baya aka san su da sunan Norlin. Sababbin masu kamfani suka fi mai da hankali ga yawan abin da za a fitar kowace rana. A wajen Fender aka ƙara wa kan jita girma, aka riƙa lafta mata fenti mai kauri, a 1971 kuma aka mai da kusoshin da ke riƙe wuyan Stratocaster guda uku maimakon huɗu. A wajen Gibson aka riƙa manna katako bisa katako wajen yin gangar jiki, wuya ma aka yi shi da yanki uku. Ban ce duk jitocin zamanin ba su da kyau ba, amma makaɗa da yawa sun ga cewa na dā sun fi. Tun a 1966, sa'ad da Eric Clapton na Ingila ya yi wani faifai da tsohuwar Les Paul, mutane suka shiga neman tsofaffi ido rufe. Ga shi kuwa ba su da yawa. Irin Les Paul ɗin da aka fi so, wadda aka yi daga 1958 zuwa 1960, duka duka ba ta kai dubu biyu ba. Sai ga masu saye suna neman abin da masu yi suka daina yi.

A nan ne mutanen Japan suka shigo. Akwai wani gari a can da ake kira Hamamatsu. Ko da ba mu san sunansa ba mun san 'ya'yansa, domin a can ne aka haifi kamfanonin Honda da Suzuki da Yamaha, waɗanda baburansu suka cika titunanmu. Shi Yamaha ma da kayan kiɗa ya fara tun kafin ya san babur. A wannan gari ne aka kafa kamfanin Tokai a 1947, shekara biyu kacal bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ƙasar take kwance warwas. Da 'yar sarewar bakin nan ta Turawa da ake kira hamonika ya fara, sai a shekarun 1960 ya soma yin jita. A zamanin nan samarin Japan sun haukace da son jita mai lantarki, musamman bayan da makaɗan The Ventures na Amurka suka zaga ƙasar a 1965, The Beatles kuma suka zo a 1966. Amma ta Amurka ta fi ƙarfin aljihunsu, domin har zuwa 1971 dala ɗaya yen 360 ce. Saboda haka masana'antun gida suka tashi suna yin nasu. Gaskiyar magana, na farkon ba su da wani kirki. Arha ce kawai ke sayar da su, Turawa kuwa suna yi musu dariya kamar yadda aka yi wa tamu dariya a taro.

Amma fa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Masu sana'ar Japan ba su yi fushi sun bari ba. Kamfanin Tokai ya yi aiki tare da kamfanin Martin na Amurka a farkon shekarun 1970, yana yi masa sassan jita, yana kuma koyon aiki. Daga nan shi da takwarorinsa masu yin Greco da Ibanez da Burny suka lura da abin da makaɗa ke nema. Suka nemo tsofaffin jitocin Amurka na shekarun 1950, suka yi musu kallon tsanaki, suka auna kauri da tsawo da lanƙwasar wuya, suka duba irin katako da irin naɗin waya. Wajen 1977 zuwa 1978 sai Tokai ya fito da nasa. Wadda ta kwaikwayi Stratocaster ya kira ta Springy Sound, watau irin tamu ke nan. Wadda ta kwaikwayi Telecaster ya kira ta Breezy Sound. Abin lura a nan shi ne, ba jitar da Fender ke yi a lokacin suka kwaikwaya ba, ta dā suka koma wa, mai ƙaramin kai da kusa huɗu. Har lambar da suke ba kowace iri tana faɗin kuɗinta a fili: ST-50 yen dubu 50 ce, ST-80 kuwa yen dubu 80. Mai saye ya san abin da ya saya, ya san wanda ya yi, ya san matsayinta.

Kada a ce na ɓoye laifin wanda nake karewa. Tokai ya yi kuskure, kuma babba. Da ya fito da kwaikwayon jitar Gibson a 1978, sai ya rubuta mata Les Paul Reborn, watau wai an sake haihuwar Les Paul. Wannan suna ba nasa ba ne, bai kuwa nemi izini ba. Haka kuma salon rubutun sunansa a kan Springy Sound ta farko ya yi kama da na Fender ƙwarai, har daga nesa mutum zai iya ruɗewa. Wannan shiga gonar wani ce. Dama tun a 1977 Norlin ya kai kamfanin Elger, mai sayar da Ibanez a Amurka, ƙara gaban kotu a birnin Filadelfiya, a kan siffar kan jita. Aka sasanta ba tare da an kai ga hukunci ba. Ko da yake ba da Tokai aka yi shari'ar ba, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Wajen 1980 ya sake wa tasa suna zuwa Reborn Old, daga baya kuma Love Rock, sunan da aka fi saninta da shi. Daga wannan ƙara guda ɗaya ne masu tara tsofaffin jitoci suka laƙaba wa duk na Japan na lokacin sunan jitocin zamanin shari'a.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni mamaki a cikin labarin duka. Da Fender ya ga kasuwa tana zamewa daga hannunsa, a 1981 sai ya ɗauko sababbin shugabanni, Bill Schultz da Dan Smith, daga reshen Yamaha na Amurka. A 1982 aka kafa Fender Japan, aka ba masana'antar FujiGen aikin yin jitocin. FujiGen ɗin nan kuwa ita ce mai yin Greco, ɗaya daga cikin manyan masu kwaikwayon! A shekarar ce kuma aka fara jitar Squier, watau Fender mai sauƙin kuɗi, kuma Fender na Amurka ya koma yin irin jitocinsa na 1957 da 1962. Da CBS ya sayar da kamfanin a 1985, ba a haɗa da ginin masana'anta ba, saboda haka na ɗan wani lokaci yawancin jitocin Fender daga Japan suke fitowa. Gibson ma a 1988 ya yarda a riƙa yi masa jita a Japan da sunan Orville. Daga 1997 kuwa, Tokai da kansa ya shiga cikin masu yi wa Fender Japan aiki. Jama'a, ku dubi wannan al'amari. Almajirin da aka kira ɓarawo jiya, shi ne yau malami ya miƙa wa alƙalami ya ce ya rubuta a madadinsa. Da aikinsa na banza ne, da mai abu ya damƙa masa sunansa?

Shahararrun makaɗa irin su Stevie Ray Vaughan da Robert Fripp sun riƙe Tokai a hannunsu, alhali suna da kuɗin sayen duk wadda suke so. A yau masu tara kayan dā a Turai da Amurka suna neman Tokai ta shekarun 1978 zuwa farkon 1980 da kuɗinsu. Har ta kai an sami marasa gaskiya masu yin jabun Tokai ita kanta. Ba a kuwa yin jabun abin da ba shi da daraja.

To, mene ne bambancin kwaikwayo da jabu? A ganina, suna ne. Mai kwaikwayo yana cewa, na ga aikin wane ya yi kyau, na yi irinsa, ga sunana, in ya lalace ku neme ni. Mai jabu kuwa cewa yake yi, wannan aikin wane ne, alhali ƙarya yake yi, in ya lalace kuma babu inda za a same shi. Na farko yana sayar da aikinsa, na biyu yana sayar da sunan wani. Doka ma haka ta raba su. Haƙƙin da ake ba wanda ya ƙago abu yana da wa'adi, in shekarun suka cika kowa yana iya yin irinsa, don ilmi ya yaɗu. Suna da tambari kuwa na mai su ne muddin yana aiki da su. Shi ya sa a 2009 hukumar rajistar tambari ta Amurka ta ƙi yarda Fender ya mallaki siffar gangar jikin Stratocaster da Telecaster shi kaɗai, domin ta riga ta zama ta kowa, amma ba wanda ya isa ya rubuta Fender a jitarsa ba da izini ba.

Lokacin hutu na je kantin nan na ga jitar da ake so mu saya. Tana da kyan gani, wannan gaskiya ne. Amma babu lamba a jikinta, babu sunan ƙasar da aka yi ta, mai kanti kuma bai san ko daga ina aka kawo ta ba. Na ɗaure tsirkiyoyinta, kafin in gama waƙa ɗaya sun saki. Fender ta ainihi ba a sayar da ita a wannan kuɗi, mai sauƙin kuɗin tasu kuwa Squier ake rubuta mata. Ashe ke nan muna shirin mu ba da mai gaskiya mu karɓo maƙaryaciya, don kawai ta ari babban suna.

Na san za a ce mini, ai kama da wane ba ta wane. Haka ne, ban kuwa ce Tokai ta zama Fender ba. Darajar ƙago abu tana nan wurin Leo Fender, ba mai ƙwace masa. Wani kuma zai ce, in kwaikwayo ba laifi ba ne, don me ake korar mai satar amsa a jarrabawa? Amsa ita ce, mai satar amsa ɗan'uwan mai jabu ne. Ya miƙa takarda yana cewa abin da ke ciki daga kansa ya fito, alhali in ka ba shi irin lissafin gobe ba zai iya ba. Amma yaron da ya zauna da dare ya bi misalin da malami ya yi a allo, ya maimaita shi sau goma har hannunsa ya faɗa, wannan ai koyo yake yi. Haka muka koyi rubutu a firamare, muna bin sawun baƙaƙen malami. Haka ɗan tela yake farke tsohuwar riga don ya ga yadda aka haɗa ta. Da koyo akan iya.

Sai dai akwai wani darasi da labarin Tokai ya koya mini wanda ba shi da daɗi. Kwaikwayo ƙofa ce, ba ɗaki ba ne. Ibanez da aka kai ƙara ya bar kwaikwayo ya shiga ƙago nasa fasali, ya yi wa George Benson jita, a 1987 kuma ya fito da wadda ya tsara tare da Steve Vai, har ya zama ɗaya daga cikin manyan sunaye a duniya. Tokai ma ya gwada. A 1983 ya fito da Talbo, jitar da aka yi gangar jikinta da alminiyam maimakon katako. Amma duk da haka da kwaikwayo aka fi saninsa. A ganina wannan ne ya sa ko a taronmu ba wanda ya taɓa jin sunansa, alhali hannunsa ya kai na kowa. Wanda ya tsaya a inuwar wani, komai tsawonsa ba a ganinsa.

A nan nake so in juya ga iyayenmu, tare da girmamawa. Sau da yawa in yaro ya ce yana son zuwa ɗakin koyon aikin katako ko na ƙarfe, sai a ce masa ba don wannan aka kawo shi makaranta ba. Ni kaina an faɗa mini haka. Kuma mu duka, manya da yara, in mun je sayen takalmi ko jaka, in mai yi ya sa sunansa da na garinsa sai mu taɓe baki, in kuwa ya manna sunan wani kamfanin Italiya sai mu biya da murna. Da haka muke koya wa masu sana'armu yin jabu, domin mun nuna musu cewa gaskiya ba ta da kasuwa. Mutanen da suka zauna a Hamamatsu suna auna wuyan jita da ma'auni, kafintoci ne da masu fenti da masu naɗin waya. Da 'yan ƙasarsu sun ƙi sayen abin da suka yi saboda sunan gida da ke kansa, da ba su kai inda Fender zai zo neman su ba.

Daga ƙarshe, ga shawarata ga 'yan ƙungiyar kiɗa. Kada mu sayar da jitarmu. Kuɗin da muka tara mu sayi sababbin tsirkiyoyi, mu kai ta wurin mai gyaran rediyo ya duba wayoyin da suka saki, mu kuma roƙi malamin aikin katako ya bar mu mu gyara marfin akwatinta da hannunmu. Fentin da ya koɗe a bar shi yadda yake, kada wani ya ce zai shafa mata sabo, domin masana sun fi daraja tsohuwar jita da fentinta na asali. Ga yayana mai shawarar sayarwa kuma, ina neman afuwa in na yi rashin kunya. Ina roƙonsa ranar Asabar mai zuwa ya rufe idonsa, a kaɗa masa ita, ya bar kunnensa ya yi hukunci. Sai an gwada akan san na ƙwarai.